Rigunan Gora da Aka Ƙone a Tashar Jirgi

Har yau idan na ji warin roba tana ci da wuta sai raina ya ɓaci, domin yana tuna mini ranar da aka ƙone aikin ƙanena ina tsaye ina kallo.

Ƙauyenmu yana bakin tafki a ƙasar Ngaski. Duk ranar kasuwar Yelwa jirgin ruwa muke shiga da kwandunan bandar kifi. A ƙarƙashin ruwan nan akwai kututturan itatuwan da tafki ya shanye tun zamanin kakanninmu, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya fasa jirgin da maƙwabciyarmu take ciki da goyonta. Mazan da suka iya ruwa suka fita. Ita sai gawarta aka tsinta a cikin ciyawa.

A lokacin ƙanena ya gama karatu ya dawo gida, babu aiki, sai keken ɗinkin da Inna ta sayar da awakinta ta saya masa. Ana tashi daga zaman makoki ya fara bin kasuwa yana tsintar gorunan roba da aka sha lemo aka yar. Ya wanke su, ya murɗe marafansu tam, ya yanka buhunan taki ya ɗinka riga mai aljihuna gaba da baya. Ya cusa gorunan ciki, ya sa igiyoyin ɗaurewa a ƙugu.

"Yaya, ke ce ba ki iya ruwa ba," in ji shi, "da ke za mu gwada."

Na sa rigar na shiga ruwa, shi yana riƙe da igiya, Inna tana bakin gaɓa tana salati. Ƙafata ta daina taɓa ƙasa, amma kaina bai nutse ba. Na yi ta dariya har na sha ruwa.

Kafin damina ta fita mata 'yan kasuwa sun fara saye. Ya ɗauki abokansa biyu da suke zaman banza, ɗaya yana yanka, ɗaya yana cusa gora. Ɗakin zauren gidanmu ya koma shago. Shi da a da sai hantsi yake tashi, ya zama ana idar da sallar asuba za ka ji ƙarar keke.

Masu jiragen ne abin bai yi wa daɗi ba. Rigar tana da kauri, bencin da ake matsa mutum shida sai ya ƙi ɗaukar su. Shugabansu aminin mahaifinmu ne, Kawu muke ce masa, a hannunsa muka girma. Bai zo gida ya yi mana magana ba. Ƙara ya kai wa hukuma.

Wata ranar kasuwa, da rana tsaka, wasu ma'aikata suka sauka daga mota a tashar jirgin ƙauyenmu, inda ƙanena ya baje rigunansa. Babbansu ya ɗaga riga ɗaya da yatsu biyu kamar ya ɗauki mushe.

"Wa ya ba ka izinin yin wannan?"

"Ranka ya daɗe, ban san ana neman izini ba," ƙanena ya ce, ya rusuna. "Ku gwada ta. In da gyara, ku nuna mini in gyara."

"Ba gwaji ya kawo mu ba. Kayan bola ne, za ka kashe mutane."

Ruwa yana nan taku kaɗan daga inda suke tsaye, ba wanda ya jefa ko riga ɗaya ya ga abin da za ta yi. Suka tattara na wurin da na shago, suka sa mata suka cire na jikinsu, aka tara, aka zuba fetur. Kawu yana zaune a inuwa yana ɓare gyaɗa.

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. "Kawu, kai ka ɗauki gawar matar nan da hannunka. Yau benci ya fi ta?"

"Ke ɗiyar nan, ki iya bakinki," ya ce. "Wanda kwanansa ya ƙare gora ba ta tsare shi."

Ni ma na san rai a hannun Allah yake. Amma ban taɓa ganin Kawu ya bar jirginsa yana yoyo ya ce ƙaddara za ta toshe ramin ba.

Ƙanena bai haƙura nan da nan ba. Ya ɗinka sabuwa ya kai birni neman izinin da aka ce. Wannan ofis ya tura shi wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya yi tafiya. Bai sami ko mutum ɗaya da ya karɓi rigar ya duba ɗinkinta ba. Bayan wani lokaci wasu baƙi suka kawo mana rigunan ruwa 'yan kanti masu ruwan lemo, waɗanda ba su isa jirgi guda ba. Aka sanya wa mutane, aka ɗauki hoto, aka yi jawabi a kan matasa su tashi su dogara da kansu. Baƙi na tafiya Kawu ya kulle rigunan a shagonsa, wai kada a sace.

Yanzu ƙanena kabu-kabu yake yi a Yelwa. Abokan nasa sun tafi haƙar zinariya, ɗaya ya dawo da tari wanda ya ƙi jin magani.

Riga ɗaya ta tsira, tawa, a ƙarƙashin hijabi nake sa ta. Matan da muke zama benci ɗaya suna jin taurinta a kafaɗarsu, sukan raɗa mini in roƙe shi ya ɗinka musu a ɓoye. Na kai masa saƙon yana wanke babur. Bai ɗago kai ba.

"Yaya, ba sata na yi ba," ya ce. "Ba ni ɗinka abin da za a ɓoye."