Garin da Na Tarar Cikin Kyamara

Na haura shekara arba'in ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne madatsar Usuma da ke gaba da mu a hanyar Bwari, ita ma in ka tsaya a wannan gefe kana hango bishiyoyin wancan. A lokacin muna zaune a Dutsen Alhaji, ni da matata da 'ya'yanmu biyu, ina aiki a sashen ajiye fayil na wata ma'aikatar tarayya. Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai. Ranar Asabar nakan fita da wayata in yi ta ɗaukar duwatsun da suka kewaye Abuja, har wata rana matata ta duba wayar ta ce, "Malam, kai dai dutse, dutse. Ko masu fasa shi ba su kai ka kallonsa ba."

Daga wannan magana aka fara zancen teku. Hutuna na shekara ya kusa, ita ma makarantar da take koyarwa za ta rufe. Muka shirya yaran su zauna wajen yayarta a Kubwa, mu kuma mu yi kwana huɗu ko biyar a bakin teku, ni in ɗauki hoto, ita ta ci kifi. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini: ba za ta ci abincin otal ba. Ta ce kada in kai ta inda za a kawo mata shinkafa cokali uku a faranti mai faɗin tire. Inda masunta ke cin abinci take so, inda ake soya kifi a gabanka, a ba ka garin rogo da yaji, ka ci ka ƙoshi da ɗan abin da ke hannunka. Ta fara tara guzuri tun ba mu san garin da za mu ba: kilishi, ƙuli-ƙuli, dambun nama a roba mai murfi.

Ni kuma na ga waya ba za ta yi mini ba. Na shiga kasuwa na sayi kyamara ta hannu a wani ƙaramin shago da ke sayar da tsofaffin rediyo da dutsen guga. Baƙa ce, fentinta ya goge a wajen da yatsa ke kamawa, amma tana aiki lafiya.

Ranar Lahadi bayan la'asar na zauna a falo ina koyon maɓallanta. An ɗauke wuta, gidan shiru, yaran suna Islamiyya. Na danna wani maɓalli sai hoto ya fito a ɗan gilashin baya. Ashe akwai memori, ɗan katin ajiye hotuna, a ciki, kuma ba a goge shi ba.

Hotuna goma sha huɗu ne, duk na gari ɗaya. Gidajen katako ne a kan dogayen sanduna, hanyoyin garin ma katako ne aka jera a kan ruwa. Akwai kwale-kwale a ɗaure, taru a shanye, wata coci mai rufin kwano da ta ɗan karkace. Can baya ga teku, launin toka, ba a ganin ƙarshensa. Mutum ɗaya ne kawai a cikinsu gaba ɗaya: wata mata a rumfa, gaban babban kasko, tana soya kifi. Ta ɗago kai tana kallon mai ɗaukar hoton, ba murmushi, ba kuma fushi. A kusurwar kowane hoto akwai kwanan wata, kuma duk na watan da ya gabata ne.

Na kira matata. Ta karɓa ta yi ta dubawa, da ta zo kan mai soya kifin ta ce, "Nan za mu. Ka ga girman kifin nan kuwa?"

Ta sake bin hotunan daga farko, a hankali. Sai ta ce, "Ka lura da wani abu? Shida daga ciki layi ɗaya ne, daga wuri ɗaya aka tsaya aka ɗauka."

Ban lura ba sai da ta faɗa. A na farko teku yana can nesa, bayan gidaje uku. A na gaba gidajen sun zama biyu. A na ƙarshe ruwa ya hau kan katakon hanya, kuma ana ganin inuwar mai ɗaukar hoton ta kwanta a kan ruwan, doguwa, hannuwa a ɗage. Na ce ai teku yana cika yana ja baya, haka na karanta. Ta ce to, amma gidajen ina suke zuwa in ya cika? Aka kawo wuta, fanka ta fara juyawa, muka bar zancen.

Washegari na nuna wa wani abokin aikina Bayarabe. Ya ce irin ginin nan na masuntan gaɓar jihar Ondo ne, amma garuruwan suna da yawa, shi ba zai iya bambancewa ba. Ya ce akwai wata tsohuwa 'yar can da ke sayar da banda a Tungan Maje, wajenta matarsa ke saye, in je in tambaye ta.

Muka je ranar Asabar da hantsi. Rumfarta na bayan masu doya, ga kwanduna cike da busasshen kifi, ƙuda na ta shawagi. Tsohuwa ce gajera, fuskarta ta yi baƙi da hayaƙi. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" da "shi" take ce musu. Muka gaisa, matata ta sayi banda don kada mu zama mun zo da tambaya kawai, sannan na miƙa mata kyamarar.

"Mama, ko kin san garin nan? Muna son mu je hutu."

Ta goge hannu a zani, ta kawo gilashin kusa da ido. Na danna mata na biyu, na uku. Sai ta fara nunawa da farce.

"Wannan gidan mai ɗinkin taru. Wannan coci, nan aka yi aurena. Oga, wannan garinmu ne."

Matata ta yi murna ta ce, "Alhamdu lillahi. To Mama, ta ina ake bi? Mota na kaiwa?"

"Ba hanya," in ji tsohuwar. "Ruwa ya ci. Layin nan duka babu. Coci babu. Yanzu kwale-kwale yana wucewa a kai."

Na tambaye ta yaushe. Ta ce shekarar da aka haifi jikarta, jikar kuwa yanzu tana firamare. Na ce mata amma ga kwanan wata nan a jiki, watan jiya aka ɗauka. Ta dube ni kamar na yi mata magana da wani yare, ta ce in ci gaba.

Da muka zo kan mai soya kifi sai ta zauna a kan benci. Wata mata ta zo tana tambayar kifi, tsohuwar ta ɗaga mata hannu ta ce ta dawo anjima.

"Ƙanwata ne," ta ce. "Kowa ya tashi, shi ya ƙi. Ya ce masu kwale-kwale suna zuwa da yunwa, wa zai ba su abinci? Wata safiya mutane suka je, ba rumfa, ba kasko, ba shi. Ba mu binne komai ba."

Muka yi mata ta'aziyya. Na kai hannu zan karɓi kyamarar, ta riƙe. Zanin da ke jikin matar take kallo, atamfa ce shuɗiya mai zanen mafici ruwan ɗorawa. Ta tashi ta shiga ɗan ɗakin da ke bayan rumfar, muna jin tana jan akwati. Ta fito da turmin atamfa a ninke cikin leda, ko takardar da ke manne a jiki ba a cire ba. Shuɗiya ce, mai zanen mafici ruwan ɗorawa.

"Na saya masa a Zuba. Na ce zan kai da Kirsimeti. Kafin Kirsimeti ruwa ya zo. Bai taɓa gani ba."

Rana ce tsaka, kasuwa na ci, wani yana ta rafka hon a titi. Matata ta yi ƙarfin hali ta ce, "Mama, ai atamfa ba ta mutum ɗaya ba ce. Kamfani dubbai yake bugawa. Wataƙila ita ma ta sayi irinta a can."

"Haka ne, Hajiya," in ji tsohuwar. Ta mayar da turmin cikin leda. "Haka ne."

A motar dawowa muka bi ta Dei-Dei. Nan matata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, kada kyamarar nan ta shiga ɗakin kwananmu.

Na yi ta neman bayani a makon. Wani mai wanke hoto a unguwarmu ya ce kwanan watan kyamara ba abin dogaro ba ne, in batir ya mutu agogonta kan rikice. Hankalina ya ɗan kwanta. Amma da na koma gida na duba agogon nata, sai na tarar daidai yake da na wayata, rana da sa'a, har minti. Na koma shagon da na saye ta. Mai shagon ya ce ba ya iya tuna wanda ya kawo ta, mutane da yawa ke kawo kaya. Ya ƙara da cewa shi dai a saninsa ba ya sayar da kyamara da memori a ciki, cirewa yake yi ya sayar daban. Ya tambaya ko ina son in dawo da ita. Na tsaya ina tunani, sannan na ce a'a.

Na sa aka wanke hoton matar a takarda, na cire memorin na naɗe a ambulan, na kai wa tsohuwar ni kaɗai. Na ce mata nata ne, ni ba ni da haƙƙin riƙe su. Ta fito da hoton ta kai shi bakin rumfa inda haske yake. Ta shafa fuskar da babban yatsa.

"Ya rame," ta ce. "Ba haka yake ba lokacin da na bar shi. Ga furfura ma ya fito."

Ta sa hoton a cikin rigarta, ta zaɓo manyan kifaye biyu ta naɗe mini a jarida, ta ƙi karɓar ko sisi. Ta ce in dai teku muke so mu je Badagry ta wajen Legas, akwai hanya, akwai masauki mai sauƙi. Ta ce kada mu ci abinci a bakin titi inda motoci ke tsayawa, mu bi hayaƙi har inda mata ke banda, mu gaishe su da kyau, za su ciyar da mu.

Sai da aka yi kwana goma matata ba ta ta da zancen tafiya ba. Rannan da safe na ga ta sauko da jakar tafiya tana kakkaɓewa. Ta ce ba za ta bar dambunta ya lalace ba.

Muka tafi. Yini ɗaya cur a mota zuwa Legas, washegari muka ƙarasa. Tun kafin mu ga tekun muka ji shi, wani irin gurnani ne da ba ya tsayawa, kana jinsa a ƙirji. Da muka ɓullo daga cikin bishiyoyin kwakwa na gan shi, sai na kasa ɗaga kyamarar. Na tsaya kawai. Ruwan yana zuwa ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafata ya koma da shi. Matata ta kama bayan rigata, haka ta riƙe ni duk inda na matsa.

Mun bi hayaƙi kamar yadda aka ce mana. Mun ci kifi soyayye da gasasshiyar ayaba, mun ci miyar ƙaguwa da teba, mun sha ruwan kwakwa, duk a kan benci a tsakiyar masunta. Matata ta ce ba ta taɓa cin kifi irin wannan ba, kuma gaskiyarta ce. Na ɗauki hotuna da yawa da sabon memori: kwale-kwale, taru, rana tana faɗawa ruwa. Matar da ke soya mana kifi ta ce in ɗauke ta ita ma, ta gyara ɗaurin ɗankwali ta tsaya gaban kaskonta. Na ɗaga kyamarar, na gan ta a gilashi tana kallona, teku a bayanta. Na sauke. Na ce mata batir ya ƙare. Ta yi dariya ta ce sai gobe, washegari kuma muka ci abinci a wata rumfar.

Bayan mun dawo da kamar wata biyu, muka je Tungan Maje da tsarabar man kwakwa. Rumfar tana nan, amma wata mai tumatir ce a ciki. Ta ce tsohuwar ta sayar da kwandunanta ta tashi tun makonni uku da suka wuce.

"Ina ta koma?" in ji matata.

"Ta ce gida za ta."

"Wane gidan?"

Matar ta ce ita ba ta tambaya ba. Muka sayi tumatir da attaruhu, muka bar mata man kwakwar ko da tsohuwar za ta aiko. Na sake biyawa sau biyu a shekarar, kwalbar tana nan a kan katako inda muka ajiye ta.