Dangwalin Modibbo

Ƙoƙon yana hannunta na hagu, tana dama madarar gari da yatsa, tana kuma yin ƙarar nan da harshe wadda ake kiran maruƙa da ita. Hadijatu ba ta san wani kiran ba. Daga saman labule aka amsa mata da ƙaramar murya, sai ga Toka ta sauko da baya, farcenta na jan zare.

"Kin ƙara ko? Za ki ja mana magana," in ji tsohuwar.

A rugar da ke bayan Kaikai aka haifi Hadijatu, can ta yi aure, can ta tsufa. Ƙwaryar nono ta cinye gashin tsakar kanta tsakanin ruga da kasuwar Kusada. A duk tsawon zamanin nan ba ta da abokiyar gaba kamar kyanwa. Saboda ita ake rataye nono a ragaya, saboda ita ake ɗora dutse a kan faifai. Sai mijinta Modibbo ya rasu, gonaki suka matse burtali, ɗansu Kamalu ya kora shanun ya yi kudu, ya ce in damina ta zauna zai dawo da su. Damina ta zauna ta tashi, wata ma ta zo ta wuce. Da 'yarta Haulatu ta zo ɗaukarta zuwa Kankia, abu ɗaya mai numfashi ya rage a rugar, 'yar kyanwa mai launin toka da ke kwana inda maruƙa suka saba kwana. Hadijatu ta saka ta a kwando ba tare da ta yi wa kowa bayani ba.

Gidan surukinta Sharafaddeen gida ne mai kyau, ko'ina siminti, ba ko bishiya ɗaya. Maƙwabcinsu yana kiwon tattabaru. Da Toka ta ɗauke masa ɗaya, ya rantse in ya sake ganinta a kan katanga ba za ta sauko da rai ba. Tun daga ranar aka kulle ta a ɗakin tsohuwar. Dabbar da ta saba hawa rumbu ta koma hawa labule, ta yaga ragar taga, ranar da ta samu ƙofa a buɗe kuwa ta haye kabet ɗin Haulatu ta turo kwanon tangaran.

Sharafaddeen bai ce wa surukarsa komai ba, kunya ba za ta bar shi ba. Haulatu ce ta shigo da saƙon.

"Inna, ya ce ranar Lahadi akwai mai tahiya ƙauyen Ƙofa. A ba shi ita, can akwai ɓeraye, akwai fili."

"Ni ma ai can akwai fili. Sai a haɗa da ni."

"Haba Inna!"

"Ba ɓarna take nema ba, ɗiyata. Sama take nema. Ɗakin nan naku ba ya da sama."

Haulatu ta lalubo wani hoto a waya. Wani abu ne kamar bishiyar da aka yi da katako, ginshiƙai da 'yan dandamali, kyanwa kwance a ƙololuwa. Ta ce masu ajiye kyanwa a ɗaki saya suke yi, kuma in Toka ta daina taɓa kaya, ita za ta shawo kan maigidan. Hadijatu ta daɗe tana kallon hoton. Washegari ta yafa mayafi, ita da Haulatu suka nufi shagon Gajere kafinta.

Gajere ya kalli hoton, ya kalli tsohuwar, dariya ta sa ya ajiye zarto.

"Goggo, ke da kika ƙare ƙuruciya kina jifar mussa da maburgi, yau bene za ki gina mata? Ni da ke da mata da 'ya'ya ban hau bene ba."

"Kai ai ko an gina maka, tsani biyu za ka nema."

Ya yi aikin kuwa, ya goge katakon sumul, ya kawo shi a kura. Toka ta zagaya shi, ta yi tsalle, farcenta ya zame, ta faɗo. Ta sake gwadawa, ta sake faɗowa. Sai ta juya ta haye labulenta.

Gajere ya sosa ƙeya. Ya ce a hoton an naɗe ginshiƙan da igiya, abin da farce zai kama ke nan. Ya kawo ta roba, irin wadda ta cika kasuwa. Toka ta shinshina ta yi atishawa. Ya nemi ta rama, aka ce masa masu tufka sai bayan girbi. Lahadi kuwa jibi ce.

Hadijatu tana da igiyar rama. Tana ƙarƙashin gadonta a cikin buhu: dangwalin garkensu, doguwar igiyar da ake jera maruƙa a ɗaure su lokacin tatsa. Modibbo ne ya tufka ta da hannunsa a inuwar gawo. Da Kamalu zai tafi, ya ce a riƙe masa ita, da ita zai ɗaure maruƙan farko in ya dawo. A gidansu ba a yar da dangwali muddin ana sa ran shanu.

Da hantsi ta jawo buhun. Igiyar ta yi baƙi, ta yi laushi saboda wuyan maruƙa, har yanzu kuma tana ƙamshin garke, hayaƙi da nono da ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Ta sa fuskarta a ciki. Ta ji kukan saniya mai neman ɗanta da sassafe, ta ji tarin Modibbo a bayan bukka.

"Inna, ta Baffa ce fa," in ji Haulatu daga bakin ƙofa. "Mussar nan tsinka ta za ta yi. In Kamalu ya zo, mi za ki ce mashi?"

"Da kuka yi waya, yaushe ya ce zai zo?"

Haulatu ta sunkuyar da kai.

"To kira man Gajere."

Abu ɗaya ta roƙe shi, kada ya sa mata wuƙa. Gajere bai yi zolaya ba wannan karon. Ya durƙusa yana naɗawa tun daga gindi, ya ƙetara daga wannan ginshiƙi zuwa wancan ba tare da ya yanke ba, madaukan da wuyan maruƙa ke shiga suna reto a gefe. Da ya gama, ya tura abin jikin taga, ya yi sallama ya tafi.

Toka ta sauko daga labule. Ta daɗe tana shinshinar igiyar, tana goga kumatunta a jiki, kamar wadda ta gamu da 'yan garinsu a tasha. Sannan ta kafa farce. Hadijatu ta ji ƙarar zaren farko da ya tsinke har cikin haƙoranta. Kyanwar ta hau, ta ƙara hawa, ta kai ƙololuwa daidai saman taga, inda ake hango bayan katanga. Ta naɗe ƙafafu ta zauna, idonta a waje, kunnuwanta a tsaye.

"Mi kika hango?" Hadijatu ta tambaye ta a hankali. "Akwai masu tahowa?"

Toka ba ta waiwayo ba.

Tsohuwar ta ninke buhun da babu komai a ciki, ta tura shi ƙarƙashin gado. Ta dafa gwiwa ta miƙe. Tana so ta gaya wa Haulatu ta faɗa wa maigidanta cewa mai tafiya Ƙofa ya yi tafiyarsa shi kaɗai. A bayanta farce ya sake shiga igiya. Ta ɗaga labulen ƙofa ta fita.