Inna Talatu da Humrar Shekara Bakwai

Da ta idar da sallar walha, Inna Talatu mai humra ta unguwar Birni takan shiga ɗakin kwalabenta. Ba ta buɗe ko ɗaya. Ta ɗaga wannan ta duba a hasken taga, ta juya waccan, ta mayar da su cikin duhun tukunya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana haka a Damagaram.

Ni da na tashi da turaren kanti, na ɗauka humra a haɗa ne kawai a shafa. Ita ta nuna mini humra hali gare ta kamar mutum. Ta wata ɗaya kaifi gare ta, tana hawa kai. Ta shekara guda ta fara kwanciya. Sai ta kai uku sannan farce da sandal da miski suke daina gardama, su zama abu ɗaya. Kuma ba kowace ke jure daɗewa ba; wadda aka yi wa algus a haɗi, tsami take yi.

Malama Rabi ta lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu, ta taɓa zuwa neman humrar bikin 'yarta, ta nace sai wata kwalba da ta hango.

"Ba ta nuna ba," in ji Inna.

"Haba Inna, wa zai gane?"

"Ni."

Rabi ta fita da fushi. Bayan wata takwas kwalbar ta iske amarya a ɗakinta, har yau maƙwabta na zancenta.

Bara mura ta kwantar da Inna, ta tashi ba ta jin ƙanshin komai. Da ta yi shiru, sunanta kaɗai ya isa ya sayar da ko ruwan rijiya. Sai ta tara masu saye ta ce, "Hancina ya tafi. Ba zan ba ku abin da ban shaƙa ba." Abu ɗaya ya rage yana cin ranta: babban haɗinta mai shekara bakwai, ya yi ne ko ya lalace?

Ran Juma'ar da ta wuce ta buɗe shi, ina wurin. Ƙanshin bai yi gaggawa ba. A hankali ya cika tsakar gida, mai nauyi, mai sanyi. Mata goma sha biyu, kowace gwanar surutu, muka yi tsit.

"Ta yi?" Inna ta tambaya.

Ta bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya da kallo, sannan ta ce, "To, na gani. Alhamdu lillahi."

Inna, ke ce gwanar jira. Ke ce kika ajiye sana'a da kanki don kada ki yi mana ƙarya. Masu sana'ar garin nan, ga abin koyi nan da ransa a Birni, ku je ku gaishe ta.

Mun gode, Inna. Allah ya mayar miki da hancinki. In bai mayar a nan ba, ya sa farkon abin da za ki shaƙa ƙanshin Aljanna ne.