Gurbin Ranar Haihuwa

Shekarar da sojoji sunka ce za su maida mulki, meri ta Filinge, ofishin magajin gari, ta ɗauke mu, mu huɗu masu brebe, takardar gama makaranta, mu shigar da sunayen masu zaɓe cikin ordinater, wato kwamfuta. Ranar Juma'a za a rufe. Wanda bai shiga ba, ba shi da ƙuri'a.

Injin ya cika ni da haushi. In buga suna ɗaya, in zauna ina kallon allo, mutanen Kurfai na tsugune waje cikin rana. Cikinsu har da kawuna, wan uwata, manomi, wanda bai taɓa riƙe takardar gwamnati ba.

Talata wani mai gyara ya zo daga Yamai. Na ce mishi, "Malam, ko ka gyara ko in koma ga biro da kayen rubutu."

Ya ce laifin ba na yatsuna ba ne. Kowane suna, injinmu na aika umurni cikakke ga babban inji na Yamai, shi ko ya karanta tun daga farko, ya sake tsara aikin kamar bai taɓa gani ba. Sai mai gyaran ya aika umurnin sau guda, da gurabe: suna, ƙauye, ranar haihuwa. Babban injin ya ajiye shi. Daga nan abin cikawa kaɗai ka tahiya. Layi ya fara gudu.

Amma gurbin haihuwa lamba yake karɓa, rana da wata da shekara. Da can ina iya rubuta "wajen shekara kaza".

Laraba kawu ya zauna gabana.

"Kawu, yaushe anka haife ka?"

"Shekarar da hwara ta cinye hatsi. Ana kiɗan bori gidanmu."

"Lamba nika so."

"Ke ɗiyata, ke da kinka yi karatu a lakkwal, ni za ki tambaya lamba?"

Mutane na jira bayansa. Na dubi hurhurarsa, na ƙiyasta shekara, na buga ɗaya ga Janairu. Haka na yi ma duk ƙauyensu. Alhamis da la'asar babu wanda ya rage waje.

Da takardar zaɓen kawu ta hito, ya ce in karanta mishi. Na karanta.

"Cikin sanyi ke nan? Uwata ta ce ruwan farko ne."

Na miƙa mishi takardar. Ya naɗe ta ya sa cikin hula. Ranar zaɓe da ita ya tahi, anka samu sunansa.