Mun Makara da Kujerar, Zo-Mu-Je

Da safiyar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuni, ina kan tsani ina rataya labule a wani ɗakin otal, babban ɗanka ya kira ni ya ce ka yanke jiki ka faɗi a wurin aiki, kuma kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na sauko na zauna a ƙasa. Na Allah muke, gare Shi za mu koma. Bakina ya faɗi haka nan take, amma zuciyata ta daɗe kafin ta bi shi.

Ga wanda bai san ka ba, kafinta ne kai, mai ƙera kujeru da tebura, kana da ma'aikatan da ke ci a ƙarƙashinka. Mu kuwa masu zuwa taron ƙananan masu sana'a na ƙarshen kowane wata, da Zo-Mu-Je muka san ka. Yawancinmu muna shiga zauren nan ne da aljihu cike da katin tallar sana'armu, muna rabawa kamar masu talla a bakin titi, muna gaisawa da mutum idonmu na kan wanda ya fi shi. Kai ba ka da ko katin. Sai ka tsaya gaban mutum ka tambaye shi abin da ya tsaya masa a wuya a sana'arsa, ka saurara har ya gama, sannan ka ce zo mu je. Namiji ka kama masa hannu. Mace kuwa jakarta kake ɗauka ka yi gaba, dole ta bi ka.

Haka ka yi min ranar da na fara zuwa. Ina tsaye kusa da teburin shayi ina ta juya cokali a kofin da babu komai, don kada a ce ba ni da abin yi. Ka duba labulen da na kawo na gwaji, ka ja ɗinkin da ƙarfi, ka saɓa jakata. Na biyo ka ina faɗa, don a zatona wani marar ta-ido ne. A gaban tsohon manajan sayayya na wani babban otal ka tsaya, ka ce masa ga ƙanwarka, ɗinkinta ba ya warwarewa, bakinta ne dai sai haƙuri. Kafin na juyo in yi godiya ka riga ka kai can ƙarshen zaure da wani a hannu. Da aikin labulen da manajan ya ba ni na buɗe shago, daga ranar kuma na koma kiran ka Yaya.

Abin da bai zo mana a rai ba shi ne kai ma kana da abin da ya tsaya maka a wuya. Kujerun kanti masu araha sun cika gari, injinanka suka fara yini ba a kunna su ba. A farkon shekarar nan ka zo shagona, ka daɗe kana wasa da almakashina, sannan ka ce ka ji otal ɗin nan zai buɗe sabon ɗakin cin abinci, kuma idan ba ka samu aikin kujerun nan ba, rufe wurin za ka yi. Tsohon manajan ya yi ritaya, sabon bai san ka ba. Kanka a ƙasa ka ce ko zan haɗa ku. Ban taɓa jin ka roƙi wani abu ba sai ranar, kuma na ji kunya a ce sai da ka roƙa.

Na yi ta zarya har sabon manajan ya yarda zai leƙo taro, ya ce amma ba zai zauna ba. Da ya shigo na zo na ce maka yau ni ce Zo-Mu-Je, ka yi dariya ka gyara wuyan rigarka. Mun kai tsakiyar zaure, ina hango shi yana ɗago mana hannu, sai ka tsaya cak. Wata baiwar Allah ce jingine da bango, rungume da kwalin sabulun da take haɗawa, ba mai kula ta.

"Ƙanwata, riƙe min shi, yanzu zan dawo."

Ka kai ta wurin wani mai manyan shaguna. Tsoro ya ɗaure mata baki, sai ka tsaya kana mata bayanin kayanta, kana fito da sabulun ɗaya ɗaya. Ni kuwa na ƙarar da duk hirar da na iya. Manajan ya duba agogo, ya sake dubawa, ya ba ni haƙuri ya fita.

A wurin ajiye motoci na wanke ka tas. Na ce kana da iyali, kana da ma'aikata, wannan ba kirki ba ne, sakaci ne. Ka bar ni na gama, sannan ka ce, "Kin ga fuskarta kuwa? Da na wuce ta, ba za ta sake taka zauren nan ba. Shi manaja yana nan a ofishinsa, ina zai je?"

Har yau ban janye maganata ba, Yaya. Ina da gaskiya. Abin da ke ci min rai shi ne ita ce doguwar maganarmu ta ƙarshe, kuma faɗa na cika ta da shi.

Daga baya na samo mana ranar ganin sa a ofis, aka ɗaga, aka sake ɗagawa, har aka tsaya a kan Litinin ɗin da ta biyo bayan rasuwarka. Ka riga ka ƙera kujerar gwaji. Ni da ɗanka muka ɗauke ta muka je. Manajan ya zauna a kai, ya jingina, ya kifa ta ya duba ƙasanta. Ya yi mana gaisuwa cikin mutunci, sannan ya ce da ya ga wannan tun farko da ba a yi haka ba, amma an riga an ba wani aikin.

Mai sabulun ta zo gidanka gaisuwa tana kuka, ta gaya wa maiɗakinka kayanta sun shiga shaguna. Na san za ta karanta wannan. 'Yar'uwa, babu laifinki ko kaɗan, shi ya zaɓa, kuma na san shi, da za a sake da haka zai yi. Idan akwai abin nadama, namu ne, mu da muka cika zauren nan, masu ofisoshi da makarantu da shaguna masu bukatar kujera, muka sha gaisawa da shi ba wanda ya mayar masa da tambayarsa.

A ƙarshen watan nan za a rufe wurin aikin. Na je jiya na tarar da ma'aikatan zaune a kan katakon da ba a yanka ba. Mafi tsufa a cikinsu ya tambaye ni ko na san inda ake neman kafinta. Na tsaya ina tunanin wa zan tambaya, sai na ga sunanka kaɗai ke zo min.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka da 'yan'uwanka, da ma'aikatanka da suka yi rashi biyu a wata ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya buɗe musu ƙofar da mu muka kasa buɗe maka. Amin.