Ranar da Aka Ce Murjanina Ƙashi Ne

Shekarun baya 'yata ta fari ta kira murjanin mahaifiyata ƙashin dabba, a falona, a gaban baƙuwa. Na ji haushi a ranar, kuma har yau ban ga wanda zai sa in ce ban ji ba.

Yarinyar nan teku ta karanta. E, teku. 'Yar Kano, haifaffiyar Nassarawa, wadda babban ruwan da ta taɓa gani kafin ta bar gida shi ne dam ɗin Tiga, ranar da makarantarsu ta kai su yawon buɗe ido. Ta tafi waje ta yi ta karatu har ta zama dakta, amma irin daktan da in ka ce mata kanka na ciwo sai ta ce ka je asibiti. A gida Ummi muke ce mata, don sunan mahaifiyata aka sa mata, ga ta kuma 'yar fari. Kunya biyu ke nan a kaina, shi ya sa bakina bai taɓa furta sunanta na yanka ba. In ta ɓata min rai kuwa Dakta nake ce mata, ita ma ta san abin da hakan ke nufi.

Ta zo hutu, ana gobe za ta koma, sai aminiyata ta Badawa ta zo yi mata sallama. Muna shan zoɓo, hira ta gangara kan kayan adon da, ni kuma rawar kai ta sa na shiga ɗaki na buɗe adaka na ɗauko murjanin. Ja ne mai duhu, ya sha hannu har ya yi santsi. Mahaifiyata ta ce daga wajen kakarta ya fito, fatake ne suka ƙetaro hamada da shi daga Tarabulus. Kullum maganarta ɗaya: “Na asali ne, ba na kasuwa ba.” A shekararta ta ƙarshe, idonta ya riga ya yi rauni, ta sake zura shi a sabon zare da kanta, ta yi masa wani ƙaton ƙulli mummuna. Ban taɓa kwance ƙullin nan ba. Shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya yi wanda ya rage min.

Aminiyata ta karɓa ta jujjuya, ta taɓe baki. “Hajiya, kin tabbata kuwa? Yanzu fa har na roba ana yi, sai ki rantse na gado ne.”

Na ce, “Uwata ba ta ƙarya.”

Ummi ta miƙo hannu. Ta je bakin taga da shi tana kallon ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar shinkafa. Can ta ce, “Mama, kin san mene ne wannan?”

“Dutse ne mai daraja.”

“Ba dutse ba ne fa. Ƙashi ne. Ƙashin wasu ƙananan dabbobin teku.”

Aminiyata ta dafe ƙirji. “Na shiga uku! Hajiya, ashe shekara da shekaru da mushe a wuya kike zuwa idi?”

Alhaji, maigidana, yana gefe ya rufe fuska da jarida. Ko sauke ta bai yi ba ya ce, “Mushen teku ai halal ne, ku kwantar da hankalinku.” Na ga jaridar tana rawa. Dariya yake yi.

Ita kuwa Ummi ko a jikinta, idonta har ƙyalli yake. Ta ce, “Mama, ai a kan dangin abin nan nake aiki. Ki ba ni ƙwaya ɗaya in tafi da ita ɗakin gwajinmu. Zan iya gano ko na gaske ne, har ma da tekun da ya fito.”

Wato a yanke zaren uwata, a kai maganarta gaban na'ura a ji ko gaskiya ta faɗa. Na ce, “Dakta, miƙo min kayana.” Na mayar da shi adaka na turo murfin da ƙarfi yadda za a ji daga falo.

To amma ina da wata cuta, kuma ku da kuka daɗe kuna bibiyata kun san ta. Ni ban shiga aji ba sai da na haura arba'in. Gajiya na yi da miƙa wa 'ya'yana takarda su karanta min, na ɗauki jaka na tafi makarantar manya a Tudun Murtala, direban gidanmu yana sauke ni yana ɓoye murmushi. Tun daga ranar da baƙaƙe suka fara yi min magana, ban iya barin abu ya wuce ni ban tambaya ba. Haushi yana cina, tambaya tana cina, amma tambayar ta fi haƙora. Dabba wace iri? Ina kanta, ina ƙafarta? Me take ci?

Bayan la'asar, baƙuwa ta tafi, na sa aka fitar min da kujera gindin mangwaro na kira Ummi. Na ce, “Zauna. Yi min bayani da Hausa. Kika sako min Turanci ko kalma ɗaya, tashi zan yi.”

Ta ɗauko kwamfutarta ta nuna min. Jama'a, na ga ikon Allah. Wani daji ne a ƙarƙashin ruwa, ga rassa, ga wasu kamar tulin ƙosai, kifi na ratsawa. Da aka matso da hoton kusa sai na ga kowane reshe cike yake da 'yan mitsi-mitsin abubuwa kamar furanni, suna buɗewa suna rufewa. Ta ce kowane ɗaya dabba ce mai baki da 'yan hannuwa. Suna gina gida da jikinsu, su mutu, 'ya'ya su yi gini a kan na iyaye.

Na ce, “Kamar gidajen cikin gari ke nan.”

Ta ce, “Sak.”

Sai ga wata a hoton, ta sha baƙaƙen kaya, da tukunyar iska a bayanta, tana iyo a tsakaninsu kamar kwaɗo. Na ce wace ce wannan marar tsoron? Ta yi murmushi. Na sake dubawa, ashe Ummi ce. Yarinyar da in za a yi mata wanka tana ƙarama sai unguwa ta ji ihunta.

Daga nan ta nuna min wani wurin, komai fari fat kamar an yi masa farar ƙasa. Ta ce waɗanda take bincike a kansu suna zaune da wata irin gansakuka a jikinsu, ita ke ba su launi da abinci. In ruwa ya yi zafi fiye da kima sai su kore ta, su yi fari, yunwa ta kashe su. Amma a cikin farin nan akan sami tsiraru da suka jure. Aikinta shi ne ta gano me ya sa.

“Ta yaya? Tambayarsu kike yi?”

“Kusan haka ne, Mama. Kowane mai rai yana da wani rubutu a ƙwayoyin jikinsa, wanda ya gada daga iyaye. Shi ya sa na ɗauko hancin Baba da bakinki.”

“Bar bakina ya huta.”

“To shi rubutun nake karantawa, daga farko har ƙarshe. In na gano inda juriyar take, masu dashen murjani za su san irin da za su dasa.” Ta ce murjanina ɗan uwansu ne na nesa, mazaunin ruwa mai zurfi, kuma a ƙashinsa akan sami ɓurɓushin rubutun ko bayan shekaru. Ɗan gari kaɗan za ta kankaro daga cikin hudar, ta dawo min da ƙwayata. Sai dai dole ta fita daga zare.

Na ce karatu dai ke nan. Ni na sha wuya kafin in haɗa baƙi da wasali, ita ga ta tana karanta cikin ƙashi.

Alhaji ya fito zai tafi masallaci, ya tsaya a kanmu. “Nuna mata inda ake ambatonki mana.”

Na miƙe zaune. “Wa ke ambaton 'yata? Da alheri ko da sharri?”

Suka kwashe da dariya su biyu. Ta buɗe wani shafi, ga jerin rubuce-rubucen da ta wallafa a mujallun masana. Turancina gurgu ne, amma na gane sunanta yana ta maimaituwa. Ta ce a wajensu, in wani ya yi amfani da abin da ka gano, dole ya faɗi daga wajen wa ya samo. Akwai mutane a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba, da hanyarta suke tantance murjaninsu, kuma kowa sai ya ambace ta.

Nan ne abin ya zauna min. Na ce, “Au, irin na malamai. An karɓo daga wane, shi kuma daga wane.”

“Haka yake, Mama.”

Na juya maganar a raina. Sannan na ce, “To ji nan. In ma na ba ki, ban ce na ba ki ba, labarin Tarabulus ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Daga bakin uwata aka karɓo shi. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma sai an ambace ta.”

Ta dube ni, ta yi ƙasa da murya. “Mama, ai sunanta ne a kan takardun nan duka. Duk wanda ya ambace ni, ita ya fara kira.”

Na ce mata ta tashi ta duba tukunya, alhali ba abin da ke kan wuta.

Yau in na tuna, abin da ya fi ba ni mamaki ba dabbar ba ce. Sunan nan ne. Ni da nake 'yar ɗaya, uwar ɗaya, kunya ta hana ni furta shi, ga shi can yana yawo a bakin mutanen da ko sallama ba su iya ba. Na kuma gane tsorona ba na zare ba ne kawai. Tsoro nake kada na'ura ta ƙaryata wadda ba ta nan balle ta kare kanta. Bayan watanni sakamako ya zo, irin murjanin Bahar Rum ne, tekun da Tarabulus ke bakinsa, kuma na tabbatar aminiyata ta Badawa ta ji shi har sau ba adadi. Amma a ranar ban san haka ba. Da roba ya fito, da haka zan haɗiye.

Washegarin ranar hirar nan da safe, Ummi tana haɗa kaya, na shimfiɗa farin ɗankwali a kan gado na ɗauko reza. Ban taɓa ƙullin ba. Can ɗaya ɓangaren na yanke zaren, na zare ƙwaya ɗaya, wadda ta fi kowacce duhu, na ɗaure bakin da nawa ƙullin, wanda bai fi na uwata kyau ba. Na ƙunshe ƙwayar a ƙyalle na same ta a ɗaki na danƙa mata a tafin hannu.

Na ce, “Ungo, Dakta. Ki karanta shi da kyau. In kin gama ki zo ki karanta min, da Hausa.”