Direban Mangwaron da Ya Kai Mu Teku

Duk mai sammako kasuwar Aziziya ya san Malam Issoufou. Da an sallame sallar asuba zai zagaya babbar motarsa yana bubbuga tayoyi da ƙafa, ya karɓi shayinsa, ya zauna kan kwando ya ciro waya. Ba labarin gida yake dubawa ba. Lokacin cikar teku da janyewarta yake dubawa, a nan Riyad, garin da ko kududdufi sai an yi sa'a. Masu dako na tsokanarsa da Sarkin Ruwa, shi kuwa sai ya ce musu ƙarfe goma ruwa zai dawo, kowa ya naɗe wandonsa.

Mutumin Damagaram ne. Shekara ashirin da shida ke nan yana jigilar mangwaro da kankana daga Jizan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye makulli ya koma gida. Wata shekara lodi ya yi masa jinkirin kwana biyu, zama ya ishe shi, sai ya hau jirgin da ke tsallakawa tsibirin Farasan, can cikin Bahar Maliya. Ya tarar da yashi fari fat, da ruwa garau wanda mutum ke hango yatsun ƙafarsa a ciki, da itatuwa tsaye cikin ruwan gishiri, da bareyi suna kiwo abinsu. Da ya dawo ya ba da labari a unguwar Batha ranar Juma'a, aka ce ya cika zuƙi. Bai yi musu da kowa ba, ya ce to a zo a gani.

Tun daga nan, duk bayan ƙaramar salla sai ya samo bas ya kwashi masu dako, da masu gadi, da masu aikin gida, ya kai su tsibirin. Shi ke duba iƙamar kowa, wato takardar izinin zama, shi ke kiran kafil, wato ubangidan aiki, da Larabcinsa na kasuwa ya roƙa wa mutum hutun kwana uku. Yana da shekara arba'in ya koyi iyo wajen masunta, ya sha ruwan gishiri har ya gode Allah, don ya ce ba zai kai 'ya'yan mutane bakin ruwan da ba zai iya shiga ya ciro su ba.

Bara ne Hansai ta same shi. Dattijuwa ce 'yar Maraɗi, shekara goma sha tara tana girki a gida ɗaya, kuma an riga an buga mata bizar fita ta ƙarshe. Tsaraba ta cika akwati biyu, amma ranta ba daɗi.

"Malam, in jikokina suka ce mi na gani a ƙasar nan, mi zan ce musu? Ka'aba na gan ta, alhamdu lillahi. Bayan ita sai gindin tukunya."

"Khalas, shi ke nan, Hajiya," in ji shi. "Kujerar gaba taki ce."

Sai dai Hansai na tsoron ruwa ba kaɗan ba. A jirgi ta rufe fuska da mayafi har aka sauka. Ranar farko aka shiga kwalekwale, aka ratsa tsakanin itatuwan nan tsuntsaye na tashi fuu a kan mutane, ita kuwa tana kan tabarma nesa da gaɓa, wai tana gadin takalma. Abin ya dami Issoufou ƙwarai. Kwana ɗaya ya rage, kuma in ta koma haka, ya san ba za ta sake samun dama ba.

Washegari da hantsi ya tafi wajen masunta sayo kifin rana. Kafin ya tafi sai da ya ja kunnen kowa cewa ruwan nan dawowa yake yi. Amma mutanenmu gulbi suka sani, wanda in ya ƙafe sai baɗi. Da suka ga ruwa ya janye ya bar fili shimfiɗe, sai suka taka har wani tudun yashi can ciki. Hansai ma, ganin ƙasa a bushe, ta yi ta maza ta bi su tana tsintar kyawawan ɓawo.

Ko da ya dawo, ruwa ya zagaye tudun. Matasa suka ratso suna dariya, Hansai kuwa ta daskare a tsakiya. Issoufou bai yi ihu ba. Ya ajiye kifin, ya ratsa ya isa gare ta, ya warware rawaninsa ya miƙa mata bakinsa guda, ya riƙe ɗayan.

"Naɗe shi a hannunki, Hajiya. Inda na taka, nan za ki taka. Bai wuce ƙugu ba, na san ruwan nan."

Suka shiga, tana salati. Ruwa ya kai gwiwa, ya wuce. Suna tsakiya sai ya ji rawanin ya ɗaure, ta tsaya cak. Ya ɗauka tsoro ne ya riƙe mata ƙafa. Da ya waiwaya sai ya gan ta sunkuye, ƙananan kifaye shuɗi da rawaya da masu zane-zane suna kewaya zaninta.

"Yalla, Hajiya, ruwa na ƙaruwa."

"Dakata, Malam," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ban gama gani ba."

Ya duba ruwan, ya duba gaɓa, ya ba ta minti biyu cur. Waɗanda suke wurin sun ce da suka fito, shi ne mai share ido, ita kuwa dariya take yi kamar yarinya.

Malam Issoufou, kai ne ka lura cewa mai dako ma yana da ido, mai girki ma tana son ganin abin mamaki. Mun zo ƙasar nan neman abinci, muka sunkuyar da kai shekara da shekaru, kai ne ka ɗago mana shi. Mun gode. Allah ya kai ka Damagaram lafiya, ya sa ka huta cikin iyalinka. Mu kuma da muka rage, mai mota da mai ranar hutu, a tambayi maƙwabci abin da ya taɓa gani a ƙasar nan, in ya yi shiru a ɗauke shi a kai shi ya gani.

Makon jiya Hansai ta turo masa saƙon murya daga Maraɗi, ana jin hayaniyar yara a bayanta.

"Malam, jikokin nan sun ce ƙarya nike, wai babu kifi shuɗi. Don Allah yi musu magana. Ka hwaɗa musu da ƙahwata na shiga."